Kun Tambaya, Mun Amsa: Zaɓen Ƙaramar Bindigar Kare Kai Ga Mazauna Amurka

Wasiƙun wannan fitowa daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka zo, inda doka ta ba farar hula damar riƙe fistol. Mai karatu da ke Najeriya ya fara duba amsar ƙarshe, domin hukuncinsa daban ne.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston ta jihar Texas, ina da katin zama na dindindin. Aikin tuƙi nake yi da dare, kuma an tare wasu abokan aikina da makami. A shago an nuna mini Glock 19 da SIG P365 da Ruger LCP. Raina ya fi kwanciya da LCP don tana shiga aljihu. Wani kuma ya ce mini in ba harsashin .45 ba, sauran duk wasan yara ne. Wacce zan ɗauka? Daga mai karatu a Houston.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare gaba. Shawararmu ita ce ka ɗauki bindiga mafi girma da za ka iya jure ɗauka kullum kuma kake samun saiti da ita, mai cin harsashin 9mm. A cikin ukun nan, tsakanin P365 da Glock 19 zaɓinka yake. Amma mu fara da doka.

Mai katin zama na dindindin yana da damar mallakar bindiga a dokar tarayya. Wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara an haramta masa, sai da wasu 'yan keɓance-keɓance. A wurin dillali mai lasisi sai ka kai shekara 21, ka cike fom mai lamba 4473, sannan a binciki tarihinka a rumbun bayanan FBI. Kada ka yarda ka saya wa wani da sunanka, ko da ɗan ɗakinku ne, babban laifi ne. Ka kuma riƙe wannan da kyau: wanda ba ɗan ƙasa ba, in kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga, ana iya korarsa daga Amurka gaba ɗaya.

Tun ranar 1 ga Satumba 2021 Texas ta daina tilasta lasisi ga mai shekara 21 da ke son yawo da fistol. Duk da haka ka je ka yi lasisin. Darasi ne na awa 4 zuwa 6, sai gwajin harbi da harsashi 50 daga nisan yadi 3 da 7 da 15, ana neman maki 175 cikin 250. A nan za a koya maka wuraren da aka hana shiga da makami, da lokacin da doka ta yarda ka harba, musamman sa'ad da rai ke cikin haɗari nan take. Zare bindiga don razana wanda kuka yi cacar baki a kan titi laifi ne. Lasisin kuma shi ke kare ka daga dokar tarayya da ta hana ɗaukar bindiga a cikin tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, kuma direba ba zai iya kauce wa unguwannin makarantu ba. In da Uber ko Lyft kake aiki, ka sani ƙa'idarsu ta hana direba ɗaukar makami.

To, ga dalilin da ya sa ba mu ba ka LCP ba. Nauyinta kimanin giram 270 ne, P365 kuwa kusan giram 500, Glock 19 kimanin giram 670 ba tare da harsashi ba. Duk lokacin da bindiga ta yi sauƙin nauyi, shurin da take yi in an harba sai ya ƙaru, domin babu ƙarfen da zai shanye shi sai hannunka. Mariƙin LCP gajere ne, ƙaramin yatsanka zai rasa wurin zama, bakinta ya riƙa ɗagawa sama bayan kowane harbi. Tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ma gajera ce, saboda haka ɗan karkacen da ido bai ma lura da shi ba ya isa ya kai harsashi gefe. Abin da ke biyo baya sananne ne: mutum ya harba kwali ɗaya, hannu ya yi masa zafi, ya daina zuwa atisaye, ya ci gaba da yawo da makamin da bai iya ba. Irin waɗannan 'yan mitsi-mitsi na ƙwararru ne, ko da yake shaguna sun fi tallata su ga sababbin shiga.

Glock 19 tana ɗaukar harsashi 15, tsawon bututunta milimita 102, kuma ta fi sauƙin koyo. Matsalarta kauri da tsawon mariƙi. Mariƙin ne ke turo riga ya tona asiri, bututu kuwa a cikin wando yake kwance. P365 ta fito a 2018, faɗinta inci ɗaya, tana ɗaukar 10, ana kuma samun gidan harsashi mai ɗaukar 12 wanda ke ba ƙaramin yatsa wuri. Glock 43X da Springfield Hellcat da Shield Plus duk 'yan aji ɗaya ne da ita.

Kada ka yanke hukunci a gaban gilashin shago. Yawancin filayen atisaye suna ba da hayar bindiga. Ka ɗauki biyu ko uku, ka harba 50 da kowace. Ka kafa farar takarda irin ta wasiƙa a yadi 7, ka ga wacce ce kake zuba harsashi biyar a ciki da ita ba tare da ka tsaya gyara riƙo ba. Ka duba ko tsokar yatsanka na kaiwa tsakiyar kunama ba sai ka murɗa hannu ba, ko babban yatsanka na isa maɓallin sakin gidan harsashi, ko kuma marfin sama mai zamewa, wanda ake kira silaid, yana yankar fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni.

Maganar .45 tsohon zance ne, kuma yana da tarihi. Ranar 11 ga Afrilu 1986 jami'an FBI suka yi musayar wuta da 'yan fashi biyu a Miami, aka kashe jami'ai biyu. Wani harsashin 9mm ya shiga ƙirjin ɗaya daga cikin 'yan fashin amma ya tsaya dab da zuciya, mutumin ya ci gaba da harbi. Daga nan hukumar ta kafa ma'auni: harsashi ya nutsa inci 12 zuwa 18, wato kimanin santimita 30 zuwa 46, a cikin wani daskararren ruwan gwaji mai kama da tsoka. Ta koma 10mm, sannan .40 S&W da ya fito a 1990. Amma ƙirar harsasai ta ci gaba, har a 2014 sashen horarwar hukumar ya bayyana cewa bambancin rauni tsakanin ingantaccen 9mm da .40 da .45 kaɗan ne ƙwarai, alhali jami'ai sun fi saurin harbi da samun saiti da 9mm. A 2016 ta ba Glock kwangilar bindigogin 9mm. Ga shi harsashin 9mm ya fi araha, ka ga za ka fi yawan atisaye. Shi harsashin .380 da LCP ke ci, rauninsa shi ne sau da yawa in kansa ya buɗe a cikin jiki ba ya nutsawa sosai, in ya nutsa kuma bai buɗe ba.

Harsashi iri biyu za ka saya. Mai rufaffen kai, wanda aka rubuta wa FMJ a kwali, na atisaye ne. Mai rami a kai, JHP, shi ake ɗauka, domin yana buɗewa ya tsaya, ya rage haɗarin ratsa mutum ya sami na bayansa. Federal HST da Speer Gold Dot masu lamba 124 ko 147 sanannu ne. Lambar nauyin harsashi ce, 124 daidai yake da kusan giram 8. Ka karanta abin da aka zana a jikin bututu kafin ka saya: 9x19 da 9x17 da 9x18 duk ana laƙaba musu 9mm, amma ba sa maye gurbin juna.

TAMBAYA: Ni mace ce a Columbus, jihar Ohio. Hannuna ba shi da ƙarfi, na kasa jan silaid ɗin bindigar maigidana. An ce in sayi ƙaramar libarba in sa a jakar hannu. Ko hakan ya yi?

AMSA: Hajiya, a yi hattara da wannan shawara. Libarba, wato bindigar hannu mai gidan harsashi mai juyawa, irin Smith & Wesson 642 harsashi 5 take ɗauka, ba ta da nauyi, shurinta da zafi, kuma jan kunamarta na buƙatar ƙarfin sama da kilo 5, alhali na Glock kusan kilo 2 da rabi ne. Yatsan da ba shi da ƙarfi zai janye bakin bindiga gefe kafin ta tashi.

Jan silaid dabara ce. Ki cire gidan harsashi, ki tabbatar babu komai a ciki, ki juya bakin inda babu kowa. Ki matso da bindigar kusa da ƙirjinki, ki damƙe bayan silaid da tafin hannun hagu da yatsu huɗu, kada ki rufe ramin da kwanson harsashi ke fita bayan harbi. Sai ki tura mariƙin gaba da hannun dama da ƙarfin kafaɗa, hagun yana riƙe kawai, ki saki gaba ɗaya. In har yanzu ya gagara, ki gwada Shield EZ, an ƙera ta musamman da sifirin mai laushi, tana ɗaukar 8, akwai ta .380 da ta 9mm. Ga mai irin hannunki, .380 a bindiga mai ɗan jiki irin wannan ya fi 9mm ɗin da ba za ki iya sarrafawa ba.

Jakar hannu kuwa ita ɓarawo ke fara fizgewa, kuma ita yara ke laluba. A Disamban 2014, a wani babban kanti a jihar Idaho, yaro ɗan shekara 2 ya zura hannu a jakar mahaifiyarsa, bindiga ta tashi ta kashe ta. In babu makawa sai jaka, ta zama mai aljihu na daban da kube a ciki, ba makulli ba biro a tare, kuma ba ta barin kafaɗarki. A gida kuma akwatin ƙarfe mai kulle. Ki sani fiye da rabin mace-macen bindiga a Amurka kisan kai ne da mutum ke yi wa kansa: a 2021, 26,328 cikin 48,830. In akwai mai fama da matsananciyar damuwa a gidan, a fitar da makamin tukuna.

TAMBAYA: Sabuwar bindigata tana maƙalewa, kwanso ya tsaya a tsaye a bakin ramin fita. Sannan yaya zan ɗauke ta ranar Juma'a in na sa kaftani? Daga Dallas.

AMSA: Malam, galibi daga riƙo ne. Silaid na buƙatar hannu kafaffe da zai dogara da shi ya koma baya har ƙarshe. In wuyan hannu ya saki, ƙarfin ya tafi a banza, kwanso ya fita rabi. Ka ɗaga riƙonka har maƙura, ka ƙanƙame da hannu biyu. In bai daina ba, ka wanke man ajiya na kamfani, ka ɗiga mai kaɗan a hanyoyin da silaid ke bi, ka sauya gidan harsashi. Ka sa wa kowane gida lamba don ka gane mai laifin. Kada ka dogara da ita sai ta harba 200 na atisaye da 50 na wanda za ka ɗauka ba tangarɗa. Wani abin da ake mantawa: harsashin da ake ɗanawa ana cirewa kullum yakan nutse cikin kwansonsa, matsin wuta ya ƙaru. In ka ga ya gajarce a kan 'yan'uwansa, ka ware shi, kada ka harba.

Wando mai zariya ba ya riƙe rabin kilo na ƙarfe, zai zame ya juye. Ko dai tela ya yi maka madaukan bel ka sa bel mai tauri na ɗaukar bindiga, ko ka sayi ɗamarar ciki mai ƙaƙƙarfan kube. Kuben ya zama na roba mai tauri da aka ƙera wa samfurin bindigarka, ya rufe kunama ruf. Ka gwada shi da bindiga ba harsashi: ka yi ruku'u, ka yi sujada, ka zauna zaman tahiya, ka ga ko tana motsi ko mariƙi na turo riga. Doguwar riga sai an tattare ta sama da hannu ɗaya kafin a kai ga makami. Wurin mayarwa ne haɗarin yake, domin gefen riga kan shiga kube ya ja kunama, don haka a yi shi a hankali, ido na kallo, yatsa a miƙe a jikin bindiga. Kafin ka shiga masallaci da ita, ka duba allon hani a ƙofa, ka kuma tambayi kwamiti, don Texas ta ba wuraren ibada ikon hanawa.

TAMBAYA: Zan iya zuwa da ita gida Najeriya in na zo hutu, ganin halin da hanyoyinmu ke ciki?

AMSA: A'a, ɗan'uwa, ko kusa. Lasisin Amurka ba ya aiki a Najeriya. Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu. Sufeto Janar na 'Yan Sanda bindigar farauta irin mai baki ɗaya ko biyu yake ba wa lasisi, bindigar toka kuma ta hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ko a Yunin 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Hukuncin mallakar haramtaccen makami ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba, kuma fitar da bindiga daga Amurka ba izini laifi ne a can ma. Kafin tafiya ka kulle ta a akwatinta, ka zazzage jakunkunanka aljihu bayan aljihu, domin harsashi ɗaya da aka manta ya isa a tsare ka a filin jirgi.