Sayar da talabijin zai tsare mini 'yata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. 'Yar maƙwabciyarmu mai shekara 15 ta yi ciki ba aure, unguwa ta ɗauka wai kallon fina-finai ne ya lalata ta. Yanzu maigidana ya ce sai ya sayar da talabijin ɗinmu, don 'yarmu sa'arta ce. Hakan zai tsare ta? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya shirya mana zuri'a.

Tsoron maigidanki yana da tushe. A 2008 cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta fitar da sakamakon bin diddigin matasa na tsawon shekara uku: waɗanda suka fi kallon shirye-shirye masu batsa sun kusa ninka waɗanda suka fi ƙarancin kallonsu wajen ɗaukar ciki ko yi wa wata. Abin da ido ya saba gani, zuciya takan daina ƙyamarsa.

Amma sayar da akwatin kaɗai ba zai wadatar ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna 19 cikin 100 na 'yan matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da ciki: 27 a karkara, 8 a birni, 44 cikin waɗanda ba su shiga aji ba. Da yawansu a ɗakin aure suke, amma ki lura, inda talabijin ya fi ƙaranci nan adadin ya fi yawa.

Mu da ke aiki a ɗakin awon ciki, labarin da yaran nan ke ba mu kusan ɗaya ne. Farantin talla a ka har bayan isha'i. Zance a cikin mota maimakon zaure. Sabuwar waya a ƙarƙashin filo, wadda babu wanda ya tambayi wa ya saya. Wasu kuma, abin da ya fi ci mini rai, fin ƙarfi aka yi musu, kuma na gida ne ko maƙwabcin da aka yarda da shi. Talabijin dai a falo yake, kowa na gani. Waya ita ce ke kwana da yarinya.

Don haka ku bar shi a falo, ku zaɓi tashoshin, ki riƙa zama kina kallo da ita. In an nuno abin da bai dace ba, kada ki tsaya ga canza tasha, tambaye ta yadda ta ga abin. Ki yi mata bayanin al'ada da yadda ake ɗaukar ciki da bakinki. In alkunya ta hana ki, musamman in 'yar fari ce, ki sa goggonta ko innarta. Ta kuma tabbata in wani ya taɓa ta, za ta faɗa miki ba tare da duka ba. Shi ma maigida ya san mai zuwa zance, da gidansu.

Ita kuwa 'yar maƙwabciyarki, don Allah a kai ta awo da wuri, kada a ɓoye ta a ɗaki. Masu shekarunta sun fi fuskantar jijjiga da doguwar naƙuda mai jawo yoyon fitsari, kuma a asibiti ya kamata ta haihu.