Tambaya da Amsa: Yadda tashar Radio 4 ta Birtaniya ke raba yininta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, kuma tun ina yarinya na saba da sauraron Sashen Hausa na BBC. Da na zo nan sai na shaƙu da tashar Radio 4, wadda kusan duk shirye-shiryenta magana ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da safe labarai ne masu zafi, amma rana na yi sai a koma wasan kwaikwayo da hirar lambu, da yamma kuma barkwanci, har a maimaita shirin jiya. Rashin abin watsawa ne, ko da wata hikima a ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Da hikima a ciki, kuma za ki gane ta idan kika duba abin da mai sauraro yake yi a sa'ar da ake watsa kowane shiri. Tashar, wadda ta gaji tsohuwar tashar BBC mai suna Home Service a ranar 30 ga Satumba, 1967, ta ɗora jadawalinta ne a kan yadda yinin mutanen ƙasar yake tafiya.

Daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe a ranakun aiki, shirin Today ne, wanda aka fara tun 1957. A wannan lokaci mutum yana haɗa shayi, yana neman takalmin yaro, yana duban agogo, saboda haka ake yanka labarai gajeru-gajeru, ana yawan faɗin lokaci, domin wanda ya saurari minti goma kacal ma ya fita da abin da zai riƙe. Babbar hira takan zo da ƙarfe 8:10, inda ake titsiye minista ko jagoran adawa, kuma sau da yawa abin da ya faɗa a nan shi jaridu za su yini suna tattaunawa.

Da masu zuwa ofis sun watse, sai masu sauraro su canza: tsofaffin da suka yi ritaya, da masu reno, da direbobi, da masu aikin dare irinki da suka dawo gida. Waɗannan hannunsu na kan aiki, amma kunnensu a sake yake, don haka suna iya bin zance mai tsawo. Shirin mata na Woman's Hour misali ne mai kyau. Da aka fara shi a 1946, da ƙarfe 2 na rana ake sa shi, bisa lissafin cewa uwargida ta gama wanke-wanken abincin rana, yara kuma ba su taso daga makaranta ba; namiji ne ma ya fara gabatar da shi. Da rayuwar mata ta sauya, sai aka mayar da shi hantsi, yanzu ƙarfe 10 yake zuwa. Labarai kuwa ba a barin su su yi nisa, domin akwai The World at One da ƙarfe 1, da PM da ƙarfe 5, sannan labaran ƙarfe 6 waɗanda ƙararrawar Big Ben ta agogon majalisar dokoki a Landan ke buɗewa.

Barkwancin ƙarfe 6:30 an ajiye shi daidai lokacin da aka dawo a gajiye ana girkin dare, bayan an sha labarai na sa'a ɗaya da rabi. Da ƙarfe 7 sai The Archers, wasan kwaikwayo a kan wani ƙauyen manoma na ƙirƙira mai suna Ambridge, wanda ake watsawa a faɗin ƙasar tun ranar 1 ga Janairu, 1951, ya kuma haura kashi 20,000. Asalinsa wayar da kan manoma ne a shekarun ƙarancin abinci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda ake cusa shawarar noma cikin hirar 'yan wasa. Shi ne kike jin an maimaita da ƙarfe 2 na washegari, saboda mai sauraron dare daban, na rana daban. A ganina wannan maimaicin adalci ne, tunda tashar ba ta sa talla, kuɗin lasisin talabijin da gidaje ke biya ne ke riƙe da ita, kuma wanda yake bakin aiki da magariba ya biya daidai da wanda yake gida.

Bayan haka dare na nutsuwa ne: sharhin adabi da fasaha, da muhawara, da labaran duniya na The World Tonight da ƙarfe 10, sai karatun littafi na kwata ɗaya kafin barci, sannan rahoton zaman majalisa da ƙarfe 11:30. Masu sauraro na kishin wannan tsari ƙwarai, har ta kai a 2006, da aka cire ɗan kiɗan da ake buɗe tashar da shi da asuba, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke, maganar ta kai majalisa.

Tambaya: Malam, ni direban tasi ne a Landan. Me ake karantowa bayan tsakar dare, sunaye da lambobi a jere?

Amsa: Ɗan'uwa, hasashen yanayin teku ne domin masunta da matuƙa jiragen ruwa, wanda hukumar yanayi ta Met Office ke shiryawa, ana karanta shi da ƙarfe 12:48 na dare da kuma da asuba. An kasa tekun da ke kewaye da tsibiran Birtaniya yanki 31, irin su Viking da Dogger da Fisher, kuma a kowane yanki ana faɗin inda iska ta fito da ƙarfinta, da ruwan sama, da nisan da ido zai iya hangowa. Ana karantawa a hankali cikin tsari ɗaya kullum domin wanda ke cikin jirgi ya samu rubutawa. Da ƙarfe 1 tashar ke miƙa zangonta ga BBC World Service har zuwa asuba.