Wa ke raba wa ƙudan zuma aiki a cikin amya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sarauniya ce ke umartar wasu su yi reno, wasu su fita kiwo. A'a, ba ta ba da umarni. Yawancin abin daga jinin ma'aikaciyar yake.

A makonni 2 zuwa 3 na farko tana cikin amya, tana sharar ɗakunan saƙa, tana ciyar da tsutsotsi, wato jariran ƙudan, da abincin da ke fita daga wasu ƙulli a kanta. A lokacin jikinta cike yake da furotin bitelojenin, wani sinadarin jiki kuwa, wanda ake kira homon ƙuruciya, kaɗan ne. Da ta girma sai bitelojenin ya ragu, homon ya hau, ƙullin kan su motse, ta fita neman ruwan fure. Gene Robinson na Jami'ar Ilinoi a Amurka ya daɗe yana binciken wannan. An shafa wa ƙanana magani mai kama da homon, suka fita kiwo da wuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba shekaru kaɗai ba ne. Masu kiwo suna ɗauke da wani sinadari da ke hana ƙanana saurin balaga. In aka rasa su, 'yar mako ɗaya ma sai ta fita. In masu reno ne suka ƙare, tsohuwa mai yagaggen fiffike kan dawo reno, homon nata ya sauka.

Shi ya sa feshin gona da rana lokacin fure ke ci min rai: masu kiwo su mutu, ƙanana su bar tsutsotsi ba mai ciyarwa. Ka roƙi maƙwabtanka su riƙa feshi da magariba.