Amsa kan Razdan da Sarkin Baroda

Malam, ka tambaya ko Turawan Ingila suna hukunta jami'ansu da suka wuce gona da iri a masarautun Indiya. A ganina, sau da yawa sarakuna ne suke kwana a ciki. A 1874 Razdan na Baroda, Kanar Robert Phayre, wanda ya matsa wa fada lamba da katsalandan, ya zargi Sarki Malhar Rao da sa masa guba a abin sha. Kwamitin bincike na mutum shida ya rabu biyu, Turawa uku suka kama sarkin da laifi, Indiyawa uku suka ƙi, amma duk da haka aka tuɓe shi a 1875 bisa zargin rashin iya mulki. Shi kuwa Phayre sauya masa wurin aiki kawai aka yi, har daga baya ya zama janar.