Tambaya da Amsa: Shin Bikin Wutar Burghead Gadon Keltawa Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Aberdeen na ƙasar Sikotland. Abokan karatuna sun gayyace ni zuwa wani ƙauye mai suna Burghead ranar 11 ga Janairu domin mu kalli bikin ƙona Clavie, kuma sun shaida mini cewa al'ada ce ta Keltawa, wato wasu tsofaffin al'ummun Turai, wadda ta kai shekara dubu biyu ana yi ba fashi. Ina roƙon Malam ya bayyana mini abin da ake yi a wurin, da dalilin zaɓar wannan rana, da kuma gaskiyar maganar Keltawa. Shin bautar wuta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu. Amsar a taƙaice ita ce bikin tsoho ne ƙwarai, kuma akwai alamu masu ƙarfi da ke nuna dangantakarsa da tsofaffin al'adun arewacin Sikotland, amma rubutacciyar shaidar da ake da ita a kansa ta fara ne daga ƙarni na 17. Maganar shekara dubu biyu zato ce da ake ta maimaitawa har ta yi kama da tarihi.

Burghead ƙauyen bakin teku ne a yankin Moray, bai fi tafiyar kilomita 13 daga garin Elgin ba, kuma an gina shi a kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin ruwa. A ƙarshen Disamba hasken yini a wurin ba ya kai awa bakwai, kuma a ranar bikin kafin a ce ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya rufe gari. Wanda bai taɓa ganin hunturun wannan yanki ba zai yi wuya ya fahimci irin matsayin da wuta take da shi a zukatan mutanensa, musamman masunta na da, waɗanda suke fita kan teku mai sanyi da haɗari a cikin ƙananan jirage.

Abin da ake kira Clavie rabin gangar katako ce da ake kafawa a kan wani gungumen sanda mai ƙarfi. A da gangar kwalta ko ta kifi ake samu, yanzu kuwa an fi amfani da gangar da aka adana giyar wiski a ciki, domin yankin Moray ya shahara da wannan sana'a. Ana haɗa gangar da sandar da wata babbar ƙusa wadda maƙeri ya ƙera, kuma ƙusar nan ɗaya ce ake nemowa daga cikin toka a adana ta har wata shekara. Bisa al'ada da dutse ake buga ta, ba da guduma ba. Sai a kafa wasu katakai daga gindin gangar zuwa jikin sandar, a bar sarari daidai inda mai ɗauka zai cusa kansa ya ɗora nauyin a kafaɗunsa. Daga nan a cika gangar da faskare, a kwarara masa kwalta da man da ake shafa wa katako. Ba a kunna ta da ashana. Daga murhun wani gida ake ɗauko garwashin busasshiyar ƙasar fadama, irin wadda mutanen ƙasar suke yankowa su shanya su ƙona a madadin itace, da shi ake tayar da wutar da misalin ƙarfe shida na yamma.

Wannan aiki duka yana hannun wata 'yar ƙaramar tawaga ta 'yan asalin garin, ƙarƙashin shugaba da suke kira Sarkin Clavie, kuma galibi ɗa yakan gaji ubansa a cikinta. Baƙo, komai kuɗinsa ko muƙaminsa, ɗan kallo ne. Su ne suke karɓa-karɓa wajen ɗaukar gangar tana ci bal-bal a bisa kawunansu, narkakkiyar kwalta tana ɗiga a kan tsofaffin rigunan da suka saka domin wannan dare, jama'a kuma suna biye da su cikin hayaƙi da sowa. Suna zagaya tsohon ɓangaren garin ta hannun dama, wato yadda rana take bi a sararin sama, suna tsayawa a ƙofar wasu gidaje ana zaro bakin wuta daga cikin gangar ana miƙa wa masu gida. Mutanen da suna ganin cewa idan mai ɗauka ya yi tuntuɓe ya faɗi, mummunar alama ce ga garin a wannan shekara, shi ya sa ake canja mai ɗauka tun bai gaji ba.

Zagayen yana ƙarewa a kan wani tudu da ake kira Doorie, inda aka gina ginshiƙin dutse mai rami domin a kafa sandar. A nan ake ƙara zuba mai da katako har harshen wuta ya tashi sama, wani lokaci ma ciyawar tudun ta kama. Idan gangar ta ci ta fara rugujewa, sai jama'a su yi wawason gawayin. Ana ajiye guntunsa a gida, a da har a cikin bututun hayaƙi ake saƙala shi domin tsari daga mayu, kuma ana aika wa 'yan garin da suka yi ƙaura zuwa ƙasashen nesa nasu rabon. A wajena wannan aiken shi ne abin da ya fi taɓa zuciya a bikin, domin yana nuna cewa gawayin shaida ce ta zama ɗan gari, ko da mutum ya shekara talatin bai taka ƙasarsu ba.

Batun ranar 11 ga Janairu shi ne wanda ya fi sauƙin warwarewa, kuma ba shi da alaƙa da Keltawa ko kaɗan. A shekarar 1582 Paparoma Gregory na 13 ya gyara kalandar Turai, domin tsohuwar kalandar Juliyas Kaisar tana ɗan zarce shekarar rana, kuskuren kuma ya taru ya zama kwanaki. Birtaniya ba ta karɓi gyaran ba sai a 1752, lokacin da aka tsallake kwana 11 a watan Satumba: mutane suka kwanta ranar 2 ga wata, suka wayi gari ranar 14. Hukuma ta koma sabon lissafi, amma ƙauyuka da dama suka ci gaba da yin bukukuwansu bisa tsohon. Daren ƙarshe na shekara a tsohon lissafi ya faɗo a kan 11 ga Janairu na sabo, mutanen Burghead kuma suka riƙe shi. Saboda haka bikin da za ka gani bikin jajibirin sabuwar shekara ne, kuma 'yan garin sau biyu suke shiga sabuwar shekara. Abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin kalandun biyu ta ƙaru zuwa kwana 12 a 1800, ta koma 13 a 1900, shi ya sa mutanen kwarin Gwaun a Wales suke yin tasu tsohuwar sabuwar shekarar a ranar 13 ga Janairu. Burghead ba ta matsa ba, ta tsaya a kan lissafin ƙarni na 18. Sauyi ɗaya da ake yi shi ne idan ranar ta faɗo Lahadi sai a yi bikin ranar Asabar, saboda girmama ranar ibada.

Maganar Keltawa kuwa tana da dalilanta, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko shi ne wurin kansa. Tudun Doorie ɓangare ne na ganuwar wata babbar kagara ta Piktawa, mutanen da suka mallaki arewaci da gabashin Sikotland kafin ƙarni na 10, waɗanda akasarin masana suke ɗaukar harshensu a matsayin ɗan dangin harsunan Keltawa. Kagarar Burghead ita ce mafi girma da aka sani daga zamaninsu, kuma ana kyautata zaton cibiyar mulki ce ta masarautar Fortriu. An rushe babban ɓangarenta tsakanin 1805 da 1809 lokacin da ake gina sabon gari da tashar jiragen ruwa, a nan ne aka tono duwatsu kusan talatin masu ɗauke da zanen bijimi, waɗanda shida kawai suka saura a yau. Masu haƙar kufai daga jami'ar garin da kake karatu sun yi aiki a wurin a shekarun baya-bayan nan, sun kuma samo alamun gine-gine da kuɗin azurfa na zamanin Sarki Alfred na Ingila. Duk wanda ya ga wuta tana ci a kan irin wannan kufai, zuciyarsa za ta so ta haɗa biyun.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi. Zagaya abu da wuta ta hannun dama domin neman tsari al'ada ce sananniya a tsakanin masu magana da harshen Gelik, ɗaya daga cikin harsunan Keltawa. Martin Martin, wanda ya wallafa bayanin tsibiran yammacin Sikotland a 1703, ya ba da labarin yadda ake kewaya gidaje da amfanin gona da shanu da bakin wuta, har ma da mace mai jego da jaririnta. Kafin shi da ƙarnuka, wani ƙamus na ƙasar Ayaland da ake dangantawa da Cormac, sarki kuma malamin coci da ya rasu a 908, ya ambaci wutar bikin Beltane guda biyu da ake kora shanu ta tsakaninsu domin kare su daga cuta. Tunanin cewa wuta tana tsarkakewa tana kuma korar sharri tsoho ne a wannan yanki, kuma abin da ake yi a Burghead ya zauna daram a cikinsa.

Sai dai a nan ne ya kamata mai bincike ya taka a hankali. Manyan bukukuwan shekara na tsofaffin Gelawa, wato masu magana da harshen Gelik, guda huɗu ne: Samhain a farkon Nuwamba, Imbolc a farkon Fabrairu, Beltane a farkon Mayu, da Lughnasadh a farkon Agusta. Babu ɗaya daga cikinsu da ya faɗo a ƙarshen Disamba ko farkon Janairu. Fara shekara a 1 ga Janairu lissafin Rumawa ne, kuma Sikotland ba ta mayar da shi farkon shekararta a hukumance ba sai a 1600. Bayan haka, gobara ta cinye kagarar Piktawa a wajen ƙarni na 10, ana kuma zargin maharan teku daga Sikandinebiya da aikata hakan. Tsakanin wannan gobara da ambaton Clavie na farko akwai kusan shekara ɗari bakwai da babu wata takarda da ta ce komai game da bikin. Gangar kwalta ita kanta kayan aikin masunta da 'yan kasuwar teku ne na ƙarnukan baya-baya.

Ambaton na farko ya fito ne daga bakin maƙiyan bikin. Takardun kotunan coci na yankin Moray a ƙarni na 17 sun nuna dattawan cocin Furotesta suna gurfanar da masunta saboda sun kewaya jiragensu da wuta a daren sabuwar shekara, suna kiran abin camfi da aikin arna. Waɗannan takardu sun tabbatar da abu biyu masu muhimmanci. Sun nuna cewa al'adar ta riga ta kafu a lokacin, ba a Burghead kaɗai ba, har da wasu garuruwan yankin, sun kuma nuna cewa asalin manufarta neman albarka ne ga jirage da kamun kifi. Amma kalmar arna a bakin waɗannan dattawa ba hujjar tarihi ba ce, domin da irin wannan ido suka kalli bikin Kirsimeti kansa, wanda majalisar dokokin Sikotland ta soke hutunsa a 1640. A sauran garuruwa coci ta yi nasara, al'adar ta mutu. Burghead ce ta ƙi saki.

Idan aka auna shi da takwarorinsa sai darajarsa ta ƙara fitowa. Bikin Up Helly Aa na Lerwick a tsibiran Shetland, wanda ake ƙona jirgi a cikinsa, a ƙarshen ƙarni na 19 ya ɗauki siffar da aka san shi da ita. Bikin wutar Beltane na Edinburgh an farfaɗo da shi ne a 1988, na Imbolc a ƙauyen Marsden da ke Ingila kuma a farkon shekarun 1990 aka ƙirƙiro shi. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne suka fi ɗaga tutar Keltawa, alhali su ne mafiya ƙuruciya. Na Burghead yana da shaidar fiye da shekara ɗari uku, kuma daga cikin abubuwan da suka dakatar da shi a zamanin nan akwai dokar hana haske da dare ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da annobar korona a 2021. Ina ganin rashin adalci ne a jingina masa shekarun da ba a tabbatar ba, kamar dai waɗanda yake da su na haƙiƙa ba su ishe shi ba.

Game da tambayarka ta ƙarshe, babu wanda yake sujada ga wutar ko roƙonta wani abu, babu liman, babu addu'a, babu yanka. Mutanen garin Kiristoci ne ko waɗanda addini bai dame su ba, kuma idan ka tambaye su dalili, amsar da za ka fi ji ita ce haka suka taras iyayensu suna yi. Abin da ya saura daga tsohuwar aƙida shi ne ɗaukar gawayin a matsayin mai kawo sa'a, wanda wasu suka yarda da shi da gaske, wasu kuma suke ajiyewa don tunawa da gida kawai. Wannan camfi ne, kuma babu mai tilasta wa baƙo ya karɓa. Hukuncin halarta kuwa fage ne na malaman addini, sai ka kai musu bayanin yadda abin yake.

Idan ka yanke shawarar zuwa, jirgin ƙasan da ke tafiya daga Aberdeen zuwa Inverness yana tsayawa a Elgin, daga nan sai ka shiga mota. Ka isa da wuri domin titunan ƙanana ne kuma jama'a tana cika su, ka yi shirin sanyi sosai, ka sa tufafin da ba za ka damu ba idan tartsatsi ko kwalta ta ɓata su, kuma idan aka kai gangar kan tudu ka tsaya ta inda iska take fitowa, nesa da masu zuba mai.