Kada ka goge shi tukuna

Ka ce ka ɗora wa GNOME, wato manhajar da ke tsara fuskar Linux ɗinka, kayan ƙari (extensions) har guda bakwai da sabon launi, aka yi sabuntawa, fuskar kwamfutar ta birkice, kana tambaya ko ka goge Linux ɗin ka sake sa wani. A'a yarona, ajiye filashin nan. Tsarin lafiyarsa lau, kwalliyar da ka yi masa ce ta sami matsala, ita kuwa a cikin foldarka take zaune.

Buɗe foldar gida ka danna Ctrl+H. Ka ga waɗannan da sunansu ya fara da ɗigo? Ɓoyayyu ne. Yawancin saitinka yana cikin .config, kayan ƙarin kuma suna .local/share/gnome-shell/extensions. In allon ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, danna Ctrl+Alt+F3, ka shiga da sunanka da kalmar sirri, ka canza wa foldar kayan ƙarin suna da umarnin mv, sannan ka sake kunna na'urar. Sau da yawa shi ke nan.

Dalilin kuwa, GNOME tana fitar da sabon zubi duk wata shida, kayan ƙarin kuma wasu mutane ne daban ke rubuta su, ba kullum suke biyo ta a kan lokaci ba. Da GNOME 45 ta fito a 2023, sai da aka gyara rubutun kowane ɗayansu kafin ya yi aiki. Shi ya sa ni ba na wuce biyu ko uku a na'urar mai kawo gyara. Wanda ke son taɓa kowane lungu, KDE Plasma nake sa masa a madadin GNOME, don can saitin a jikinta yake. Tsohuwar na'ura mai ƙaramar ƙwaƙwalwa kuwa, Xfce ko LXQt.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka yi ajiya ba kafin ka fara. Kwafi .config ka adana, sannan ka buɗe Terminal, wurin rubuta umarni, ka rubuta dconf dump / > ajiya.txt don adana saitin GNOME. Ran da abu ya lalace, dconf load / < ajiya.txt zai mayar maka da saitin. Kuma don Allah ka daina sa sudo, umarnin aiki da cikakken iko, a kan fayilolin foldarka, mallakarsu na iya komawa hannun root, wato asusun da ke da iko da duk na'urar, ka rasa ikon gyara su.

Yanzu mayar da kayan ƙarin ɗaya bayan ɗaya, kana fita kana shiga bayan kowanne. Wanda ya sake birkita allon, zo ka faɗa min sunansa.