Amsa ga 'yar'uwar da aka rufe wa shafin sana'arta

'Yar'uwa, tun daren jiya na ga tambayarki, na karanta har sau uku, na ajiye wayar na kasa cewa komai. Kin ce kin wayi gari an rufe shafin da kika yi shekara huɗu kina tallata kayanki a kai, ba a gaya miki laifinki ba, kina neman shawara ko ki buɗe sabo a wannan dandalin, ko ki koma wani, ko ki nemi masu cewa suna iya dawo da shafi. Wannan ta ƙarshen ce ta hana ni barci. Don girman Allah kar ki ba kowa ko sisi, kuma duk lambar da ta shigo wayarki kar ki karanta wa kowa, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Ki bari ki ji nawa tukuna.

Ni jakunkuna nake ɗinkawa, na mata da na 'yan makaranta, kuma shekara biyar na yi ina renon shafina kamar jariri. Ranar da abin ya faru na kwana a kan keke na gama wasu guda uku, da safe na ɗauke su hoto zan ɗora, sai na ga an fitar da ni. Na sake shiga, sai ga wannan saƙon da ke ma kika gani, wai na saɓa ƙa'idoji. Wace ƙa'ida? Shiru. Na danna wurin ɗaukaka ƙara, ko minti biyu ba a yi ba amsa ta dawo, wai an sake dubawa kuma hukunci yana nan daram. Ki gaya mini wane ɗan'adam ne zai duba aikin shekara biyar cikin minti biyu. Na'ura ce ta kama ni, ita ta yi mini shari'a, ita ce kuma kotun ɗaukaka ƙarar. Sau huɗu ina tura hoton katin shaidata, har yau ban ji muryar mutum ba.

Masu tausaya mini sai su ce kash, duk waɗannan mabiyan sun tafi. Ni mabiya ba su dame ni ba a ranar. Hirarrakin ne. A cikinsu wadda ta zaɓi launi take, da wadda ta biya rabi, da wadda nake bi bashi, da wadda na yi wa alkawarin kayanta za su iso kafin a koma makaranta. Oda goma sha ɗaya ce a hannuna, na san fuskokin masu ita a hoto, amma ban da lambar ko ɗaya daga cikinsu. Ban taɓa rubuta komai a takarda ba, a ganina ai ga shi nan a waya.

Kwana na shida ke nan ina kuka sai wata ƙawata ta ce ta san wani yaro, gwani ne, ya dawo wa mutane da yawa da nasu. Ƙawar da muka yi shekara da shekaru tare, wadda ta san cikina da waje, wadda jakar farko da na ɗinka ita na ba kyauta. Da baƙo ne ya zo mini da zancen da na yi tunani sau biyu. Yaron ya kira ni da ladabi, Anti kaza Anti kaza, ya ce yana da mutum a cikin kamfanin. Ya karɓi kafin alƙalami. Washegari ya ce an kusa, saura a tabbatar ni ce mai shafin, za a turo mini lamba shida in karanta masa. Ta shigo, na karanta masa da bakina. Ashe ba ta shafin ba ce, ta manhajar da nake hira da mutane ce. Kafin in ajiye wayar an fitar da ni daga can ma.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, 'yan kwastomomin da nake da lambarsu a can su ne waɗanda suka fi yarda da ni, waɗanda ciniki ya zama zumunci. Su ya bi ɗaya bayan ɗaya da sunana da hotona, yana cewa an yi ragi na kwana ɗaya, a tura kuɗi ta wani sabon asusu. Wasu ya ce musu ina asibiti. Mutum bakwai suka tura kafin in samu in dawo da layin hirar. Waɗanda suka kira suka zage ni, wallahi su na fi gode wa, don zagi ana iya amsa shi. Akwai wata dattijuwa da ke sayen jakar makaranta a wurina duk shekara saboda jikokinta. Ta kira ni, muryarta a sanyaye, ta ce, 'yata, da kin gaya mini kina cikin matsi ai da na ba ki kyauta, ba sai kin yi mini haka ba. Na buɗe baki in yi bayani, kuka ya sarƙe ni, ita kuwa ta ɗauka kukan kunya ne, ta ce ba komai, Allah ya rufa asiri, ta kashe. Ina zaune a ƙasa kusa da keken, na fi awa ban motsa ba. Na mayar mata da kuɗinta daga baya, na tura mata duk shaidar da nake da ita, ta ce ta fahimta. Amma ba ta sake sayen komai a wurina ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ita kuwa ƙawar tawa da na je mata, buɗar bakinta sai cewa ta yi, ai ni ban ce ki ba shi lamba ba. Ko sannu. Daga baya na ji ba ni kaɗai ta haɗa da shi ba. Ban ce da saninta aka yi ba, Allah ne masani, amma mutum ya kai ka ramin kura sannan ya tsaya yana tambayarka me ya sa ka leƙa? Har yau idan na ga ta ɗora hoto tana murmushi sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Na ce na yafe, ina kuma ƙoƙari, amma zuciya ba ta da ƙashi. Kuɗin mutum bakwai ɗin nan ni na biya su kaf, wata huɗu ina ɗinki ba na ganin ribar ko zare.

Ki yi haƙuri na yi nisa. Maganar komawa wani dandali da kika kawo, ni ma na yi wannan tunanin, har na zauna na riƙa bin labarin yadda abin yake a wasu wurare, don in san ko ni kaɗai ce mai baƙin jini. Sai na tarar an gudu ne ba a tsira ba. A ranar 29 ga Yuni 2020 gwamnatin Indiya ta haramta TikTok tare da wasu manhajoji 58 na ƙasar Sin, mako biyu bayan sojojin ƙasashen biyu sun yi arangama a kan iyaka. Mutum wajen miliyan 200 ke amfani da ita a can. Mai koyar da ɗinki ta bidiyo da mai tallan takalmi, me ya haɗa su da rikicin iyaka? Amma su suka tashi ba shago. A Najeriya an dakatar da Twitter a watan Yuni 2021 bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022, wata bakwai cur. A Brazil alƙalin kotun ƙoli ne ya sa aka toshe X, wato Twitter da aka canja wa suna, a ƙarshen Agusta 2024, sai a Oktoba aka sake shi. Ko Amurka da ake ganin ta fi kowa, TikTok ya ɗauke na wasu awanni a Janairu 2025 saboda dokar da majalisarsu ta yi. Duk wanda kika gani a cikin waɗannan, akwai irinmu a ƙarƙashi da ba a tambaye su ba, ba a kuma biya su diyya ba. Wani lokacin ma ba siyasa ba ce, kuskure ne kawai. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke tare wajen awa shida saboda wani saiti da aka yi ba daidai ba a na'urorinsu. Ukun duk na kamfani ɗaya ne, wanda yanzu ake kira Meta, shi ya sa wanda yake ganin ya raba ƙafa a tsakaninsu ashe a ɗaki ɗaya yake.

Mu 'yan haya ne, 'yar'uwa, kuma hayar da ba takarda. Ni abin ma da ya fi ba ni haushi, ko ba a kore ki ba ana iya rage miki hasken ɗaki. A Janairu 2018 Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, da kansa ya sanar cewa za su riƙa fifita saƙonnin dangi da abokai a kan na shafukan kasuwanci. Mutanen da suka danna da hannunsu suka ce suna son ganin kayanki, da yawansu sai kin biya kuɗin talla kafin a nuna musu. Sannan a Afrilu 2021 Apple ya sa sai manhaja ta nemi izinin mai iPhone kafin ta bi sawunsa a wasu manhajoji, mutane da yawa suka ce ba su yarda ba, talla ta rage sanin wanda za ta nufa. Meta da bakinsa ya ce abin zai ci masa kusan dala biliyan 10 a 2022. In mai gida ya yi irin wannan asara, a jikin wa kike zaton zai fanshe? Ban ce bin sawun mutane abu ne mai kyau ba, ni ma ba na so a bi nawa. Ina dai nuna miki cewa manya biyu na can suna ja-in-ja, ke kina nan kina zargin kanki, kina cewa ko hotona ne bai yi kyau ba.

Wai a Tarayyar Turai yanzu doka ta tilasta wa dandali ya faɗa wa mutum dalilin rufe masa shafi, ya kuma ba shi hanyar ƙorafi, tun Fabrairu 2024 ta hau kan kowa a can. Da na karanta sai na yi dariyar takaici. Ashe ana iya faɗin dalili. Sai an matsa ne kawai.

To ki buɗe sabon, ban hana ki ba, ni ma na buɗe, don masu saye suna can kuma ba za mu yi fushi da kasuwa ba. Amma ki ɗan jira ki ga ƙarshen ƙarar da kika ɗaukaka, kuma ta cikin manhajar kawai za ki bi, duk wanda ya biyo ki ta akwatin saƙo ya ce shi ma'aikacinsu ne, ƙarya yake yi. Ki lura ma, tunda kika yi wannan tambayar za su fara zuwa miki, har da masu shaidar ƙarya da za su ce wane ya taimake ni. Yau ɗin nan, kafin ki yi komai, ki shiga saitin manhajar hirarki ki sa makulli na biyu, wannan lambar sirrin da ke kaɗai kika sani. Da na sa shi da yaron nan bai kai ga dattijuwar nan ba. Imel ɗinki ma ki canja masa kalmar sirri, kar ta zama iri ɗaya da ta shafin.

Ki sayi littafi. Na san za ki yi dariya, ni ma da na yi. Nawa yanzu na uku nake ciki, duk wadda ta sayi ko ƙaramar jaka sai na nemi izininta na rubuta sunanta da lambarta da abin da ta saya da ranar. Ba na yarda a ƙulla ciniki a cikin shafi, da an fara magana nake cewa turo lambarki. Hotunan kayana kuma suna wuri biyu da ba ruwansu da kowane dandali. Mabiyana na yanzu ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na da ba, amma cinikin ya kusa komawa yadda yake, don ashe yawancin wancan taron 'yan kallo ne. Kayan aro dai ba ya rufe katara, na ji a jikina.

Kuma ki sanar da mutanenki tun yanzu, ta duk hanyar da ta rage miki, cewa shafinki ya rufe kuma asusun da kike karɓar kuɗi bai canja ba, ba kuma zai canja ta saƙo ba. Masu buɗe shafin bogi da hotunan mutum irin wannan lokacin suke jira. Waɗanda suka biya ba su karɓi kaya ba, ki duba bayanan shigar kuɗi a asusunki, sunayensu na nan, ta haka na gano takwas cikin goma sha ɗayan nan nawa. Ukun da suka rage, biyu sun neme ni da kansu. Ɗayar har yau jakarta na rataye a bayan ƙofa, ruwan toka mai zip biyu, na kasa sayar da ita.

Ki ci abinci, ki yi barci, kar ki yi ta danna ɗaukaka ƙara dare da rana yadda na yi har idona ya kumbura. In kin samu dama ki kwafo mana ainihin abin da saƙon rufewar ya ce, kalma da kalma, ki rufe sunanki da lambarki. Akwai bambanci tsakanin dakatarwa ta 'yan kwanaki da rufewa gaba ɗaya, kuma sai mun gani za mu san wanne ne naki. Allah ya mayar miki da alheri.